Amsa ga ƙanwarmu da ta yi tambaya kan furobabiliti, wato lissafin yiwuwar faruwar abu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce malaminku ya ce abubuwa biyu da ba su haɗuwa daban suke da abubuwan da babu ruwan ɗaya da ɗaya, ke kuma kina ganin duk abu guda ne. Wallahi ba ke kaɗai ba ce, na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare nan Gusau, kuma duk shekara in WAEC ta matso nan ne yara ke tuntuɓe, ni kaina sai da na shiga aji da allon ludo sannan abin ya zauna musu.

Ɗauki ɗan ludo guda ki jefa sau ɗaya. 6 da 1 ba za su fito tare ba, to wannan shi ne rashin haɗuwa, kuma nan tarawa ake yi, 6 ko 1 shi ne 1/6 + 1/6 = 1/3. Amma ki lura da kyau, in na rufe shi da hannu na ce miki 1 ta fito, mi ya rage ma 6? Sifili. Da can 1/6 ce yanzu ta koma 0, kin ga ashe akwai ruwan ɗaya da ɗaya sosai ma, tunda labarin guda ya kashe gudan. Shi ya sa abubuwa biyu da kowanne ke iya faruwa amma ba su haɗuwa, ba su taɓa zama masu cin gashin kansu, wato waɗanda babu ruwan ɗaya da ɗaya.

Yanzu jefa guda biyu. Na farko ya ba da 6, na biyun bai san an yi ba, yana nan 1/6 ɗinshi, babu ruwan ɗaya da ɗaya ke nan. In kina son 6 ta fito a duka biyun sai ki ninka, 1/6 × 1/6 = 1/36.

Wanda ya fi rikita ɗalibaina shi ne wanga, jifa ɗaya dai. A ita ce lambar da 2 ke rabawa, 1/2. B ita ce 4 ko ƙasa da haka, 2/3. Inda sunka haɗu 2 da 4 ne, wato 1/3, kuma 1/2 × 2/3 ma 1/3 ne cif, wato sun haɗu amma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Wata yarinya ta tsaya kai da fata wai tunda sun haɗu dole ɗaya ya taɓa ɗaya, sai da munka rubuta 1, 2, 3, 4 a allo ta ƙirga da yatsa ta ga waɗanda 2 ke rabawa har yanzu rabi ne, ta yi shiru tana kallon allon. Ranar na ji daɗi ƙwarai.

Ki gwada da goro a gida, ja 3 fari 2 cikin leda. In kin zaro kin mayar, ja sau biyu 9/25 ne, in kuma kin ci na farkon, 3/5 × 2/4 ne, 3/10. Ki lissafa ma farin ta hanyoyin biyu ki turo nan in duba miki bayan isha'i in sha Allah.