Re: Don mota ƙalilan sai a janye miliyoyi?

Malam, tambayarka ita ce in motoci kaɗan ne suka samu matsala me zai sa hukuma ta ce a dawo da duka, ba asara ba ce? To ai ba yawan kaɗai ake dubawa ba, ana duba in abin ya faru me zai biyo baya. AC ya mutu zufa kawai za ka sha, amma birki ko sitiyari ya ƙwace kana kan gudu fa?

Ka ɗauki maganar airbag ɗin Takata, wani kamfanin Japan mai ƙera jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo. Sinadarin da ke hura jakar, ammonium nitrate, in ya daɗe yana shan zafi da danshi sai ya lalace, ranar da aka yi karo maimakon jakar ta tare ka sai gwangwanin da sinadarin ke ciki ya tarwatse ƙarafa su feso wa direba a fuska da wuya. Kuma ba wata fitila da za ta kama a dashbod ta gargaɗe ka. Hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, NHTSA, ta sa an janye airbag wajen miliyan 67, kamfanin ma ya durƙushe a 2017. Abin da ya burge ni, da kayan gyara suka yi kaɗan sai suka fara da tsofaffin motoci na wurare masu zafi da danshi irin Florida.

Mu da ke sayen tokumbo ya shafe mu wallahi, Accord da Civic na 2001 da 2002 suna cikin mafi haɗari. Ka duba lambar chassis ɗinka a shafin NHTSA, kyauta ne.