Kuɗin Firimiya da yunwar kofin Ingila

Tambaya: Malam, kullum musu muke yi a gidan kallo. Idan Firimiya ta fi kowace gasa kuɗi da 'yan wasa, me ya hana Ingila ɗaukar kofi tun 1966? Ina kuɗin ke tafiya?
Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin na tafiya inda mai kulob ya ga dama, kuma mai kulob ba Ingila yake wa aiki ba. Masu Manchester City 'yan Abu Dhabi ne, Newcastle na hannun Saudiyya, Arsenal da Liverpool da Chelsea kuwa Amurkawa ke riƙe da su. Abin da ke gabansu shi ne gurbin gasar zakarun Turai a bana. Wa zai zauna jiran yaron makarantar horo ya nuna, alhali ga nunanne a kasuwa? A 2023 kaɗai Chelsea ta zuba sama da fam miliyan 100 kan Enzo Fernandez na Ajantina, ta sake zuba fiye da haka kan Caicedo na Ekwado. Dukansu a tsakiya suke wasa, wurin da Ingila ta daɗe tana ƙishirwar mai riƙe ƙwallo ya kwantar da wasa.

Abin ba sabo ba ne. Tun ranar 26 ga Disamba 1999 Chelsea ta fito wasa da Southampton babu ɗan Ingila ko ɗaya cikin sha ɗayan farko. Daga baya aka kafa dokar 'yan gida, amma "ɗan gida" a wajensu shi ne wanda ya yi shekara uku a kulob ɗin Ingila ko Wales kafin ya wuce 21, ko daga ina ya fito. Fabregas ma da ɗan gida aka lissafa shi!

Wasan ƙarshe na kofin Turai na 2024, tsakanin Ingila da Sifaniya, a gidan kallon unguwarmu na gan shi, kusa da wani maƙwabcina mai goyon Chelsea har jini. Da Palmer na Chelsea ya farke wa Ingila, sai da ya kifar da bencinmu don murna. Minti na 86, Cucurella, shi ma na Chelsea, ya miƙa wa Oyarzabal ƙwallo, Sifaniya ta ci 2-1. Mutumin nan ya miƙe tsaye ya buɗe baki, ya rasa ihu zai yi ko salati, ya koma ya zauna.

Sai dai ban yarda a jibga wa baƙi laifin duka ba. Lokacin su Gerrard da Lampard da Ferdinand, 'yan gida ne taurarin manyan kulob, amma ko gasar Turai ta 2008 ba su samu zuwa ba. Gabar kulob suke ɗaukowa har sansanin ƙasa, Ferdinand da bakinsa ya amsa haka. Kuma a yi wa tsohon kocinsu Southgate adalci: ya kai su wasan ƙarshe na kofin Turai sau biyu a jere, na farkon ma a bugun fenariti Italiya ta sha da ƙyar.

Yaran suna nan. A 2017 Ingila ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 da na 'yan ƙasa da 20. Amma Sancho sai da ya tsere Dortmund kafin ya samu fili, Bellingham ma can ya bi ya wuce Madrid. Lookman kuwa, da ke cikin waɗanda suka ɗaga na 'yan ƙasa da 20, mu muka tsince shi a Super Eagles.