Amsa ga Yaya kan ruwan da ɗanki ya ƙi sha

Yaya, na saurari saƙonki har sau uku. Kin ce wani dattijo a unguwar Birni ta Damagaram, can wajen fada, ya ga ɗanki, wato yarona da ya zo muku daga Faransa, yana haɗa gumi da tsakar rana, ya sa jikarsa ta ɗebo masa ruwa a randa. Yaro ya dubi moɗar, ya ja da baya, ya ce "no marsi", wato "a'a, na gode" da Faransanci, sannan ya zaro gorar robarsa ya kurɓa a kan idon mutumin. Shi ne kike tambaya wai mu Hausawan Faransa haka muke, a yi mana alheri mu yatsina fuska?

Wallahi na ji kunya, don na san darajar ruwa a Damagaram. Garin da famfo kan yi kwanaki bai ɗigo ba, ka bi mai garuwa kana lallashi alhali kuɗinka na hannu, wanda ya miƙo maka moɗa cike ai ya gama maka komai.

Sai dai ki ji abin da aka ɗora yaron a kai. Yana shekara 3 ya shiga lakwal, wato makarantar boko, kuma tun ran nan karatun ɗaya ne: kada ka karɓi komai a hannun wanda ba ka sani ba, ko da alewa ce. Malamai sun faɗa, ni ma da bakina na nanata masa. Ana saura mako ya taso, likita ya ƙara ja masa kunne kan ruwan da ba a rufe yake ba. A wurinsa, tunda ya haɗa da "marsi", ya cika ladabi.

Ni ma na sha irin wannan, amma ta ɗaya gefen. Shekarar da na zo, 2002, ina cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, layi na 13, an cushe kamar buhun gero, sai ga wata mata kanta fari fat. Zumbur na miƙe na nuna mata kujera. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na yi maka kama da kakarka ne?" Ta ƙi zama, ni kuma kunya ta hana ni komawa. Haka muka tsaya cirko-cirko, kujera ba kowa a tsakaninmu, har na sauka. Wata rana kuma a matakalar tashar jirgin ƙasa na kai hannu zan ɗaga wa wata akwati, ta rungume shi da hannu biyu tana neman yin kururuwa. Daga baya na daina ganin laifinta, masu yankan aljihu sun yi yawa a wurin, kuma ban yi mata magana ba kafin in miƙa hannu.

Kada ki ɗauka ba su da tasu tarbiyyar. Shiga shagon burodi ba ki ce "bonzur" ba, wato gaisuwarsu, ki ga kallon da za a yi miki. Wanda ke gabanki zai riƙe miki ƙofa har ki iso. Abin da ba sa so shi ne a nuna sun gaza, ko a ɗora musu nauyin da sai sun rama. Ni dai har yau wannan hali bai kwanta mini ba. A zafin watan Agustan 2003 mutum wajen 15,000 suka rasu a ƙasar nan, akasarinsu tsofaffi, wasu sai bayan kwanaki aka tarar da su a ɗaki su kaɗai. Kuma kada ki yi dariya, suna da rana guda a shekara ta bikin maƙwabta, wadda aka faro a Paris a 1999, don mutanen bene ɗaya su sauko su san juna.

Mu a tsakaninmu ba abin da ya sake. Baƙo ya sauka daga Maraɗi ko Tawa ko Kano, ba a rasa mai shimfiɗa masa katifa a falo har ya tsaya da ƙafarsa. Bikin suna da zaman rasuwa duk muna haɗuwa, kowa da tukunyarsa. Da waɗanda ba namu ba ne muka koyi taka-tsantsan: sai ka tambaya tukuna, "in taimaka?" In an ce a'a, ka wuce, ba ka riƙe a zuci. Azuminmu na farko a gidan nan, ƙanwarki, mai ɗakina, ta kai wa tsohuwar da ke hawa na huɗu ƙosai da kunun gujiya. Matar ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta tambayi me aka zuba a ciki, sannan ta ce nawa ne. Ƙanwarki ta dawo har da ƙwalla. Sai a shekara ta uku kwanon ya fara dawowa da ɗan kek a ciki, yanzu kuwa ita ke tambayarmu yaushe za a ga wata.

Inda na yi sake shi ne nan. Na koya wa yaron ya rusuna ya gaida abokaina, ya karɓi abu da hannun dama, amma duk mutanen da ya sani ne. Ban taɓa zaunar da shi na ce masa a gida ruwan baƙo ba a mayar da shi ba, hannu biyu ake sawa a karɓa, a kurɓa ko ba a jin ƙishi, a ce Allah ya saka da alheri.

Don Allah gobe da hantsi ki saya masa goro da sukari a kasuwar Dole, ki raka shi ƙofar dattijon, ki bar shi ya yi gaisuwar da bakinsa ko da Hausar ta karkace. Mun yi waya da shi ɗazu, ya yarda. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne, in an sake kawo moɗar, dole ne sai ya shanye duka?