Tambayoyin Masu Karatu: Zaman Haya a Ofistel a Koriya ta Kudu

Wasiƙun wannan watan daga ɗalibai da ma'aikatanmu ne da ke Koriya ta Kudu, da masu shirin tafiya. Kusan dukansu a kan ofistel suke, wato dogayen benen nan da ke kusa da tashoshin jirgin ƙasa, ƙasansu shaguna da wuraren cin abinci, samansu kuma ɗakuna ciki ɗaya masu kicin da banɗaki, wasu na kwana wasu na ofis.

Assalamu alaikum. Dillali ya turo mini hoton ɗaki ya rubuta 1000/70, a ƙasa kuma akwai wani kuɗi daban. Nawa ne ainihin abin da zan biya? Daga wani ɗalibi mai shirin zuwa Seoul.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Koriyawa da dubu goma-goma suke ƙirga kuɗin haya. Saboda haka 1000 na nufin won (kuɗin Koriya) miliyan 10 kuɗin ajiya, wanda za a maido maka ranar da ka tashi, 70 kuma won 700,000 haya duk wata. Wannan tsarin shi ake kira wolse. Akwai kuma jonse, inda ake ajiye kuɗi mai yawan gaske ba a biyan haya ko kaɗan. Baƙo sabon zuwa ya bar jonse tukuna, domin a nan ne mutane da yawa suka yi asarar dukiyarsu a 2022 da 2023, har da masu haya a ofistel na yankin Dongtan da ke kudu da Seoul.

Kuɗin da ka gani a ƙasa shi ne gwallibi, kuɗin kula da gini: mai gadi, lif, sharar baranda, wutar hanya da ma'aikatan ofishin ginin. A ofistel ya fi tsada a kan ƙananan gidajen haya na cikin unguwa, kuma ba abin mamaki ba ne ya haura won 100,000 tun kafin a ɗora wuta da ruwa da ɗumama ɗaki. Kada ka tsaya a kan lambar da ke talla. Ka roƙi dillali ya nuna maka takardar biyan kuɗin watan Janairu da ta Agusta ta wannan ɗakin, su ne watannin da suka fi ci.

Girman ɗakin ma akwai abin lura. Sau da yawa faɗin da ake tallatawa ya haɗa da rabonka na baranda da matakala da wurin ajiye motoci, abin da ke bayan ƙofarka kuwa wajen rabi ne ko ɗan sama da haka. Ka tambayi faɗin cikin ɗaki zalla. Idan an faɗa maka da piyong, kowane ɗaya murabba'in mita 3.3 ne.

Sai la'adar dillali. A ofistel na kwana da bai wuce murabba'in mita 85 ba, mai kicin da banɗaki, iyakarta kashi 0.4 cikin 100 ne. Ana ninka hayar wata sau 100 a haɗa da kuɗin ajiya. A naka lissafin, miliyan 70 da miliyan 10 sun zama miliyan 80, la'ada won 320,000 ke nan, wani dillalin ya ƙara harajin kashi 10 a kai. Kafin alƙalami kuma yawanci kashi 10 ne na kuɗin ajiya. In ka fasa bayan ka biya, ya tafi. In mai gida ne ya fasa, ninki biyu zai maido.

Mai gidan ya ce zai rage mini haya idan ban yi rajistar adireshina a ɗakin ba. Ɗakin ya yi mini sosai. In karɓa? Daga wani ma'aikacin kamfani a Suwon.

Malam, kada ka karɓa, ko da ragin ya kai rabi. Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk wasiƙun nan, don haka bari mu tsaya a kanta.

A takardun gini, ofistel a rukunin gine-ginen ofis yake. Mai shi kan yi masa rajista a matsayin wurin kasuwanci don hukumar haraji ta maido masa harajin kashi 10 da ya biya a kan ginin, kuma don kada a ƙirga masa shi cikin gidajen da ya mallaka. Da zarar wani ya yi rajista cewa nan yake kwana, asiri ya tonu. Shi ya sa yake lallaɓa ka da ragi. Ribar tasa ce, haɗarin naka.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko, dokar shige da fice ta wajabta wa baƙo mai katin zama ya sanar da sabon adireshinsa cikin kwana 15 da tarewa, a ofishin shige da fice, ko ofishin unguwa, ko ta shafin Hi Korea. Wanda ya makara tara ce ke jiransa, za ta iya kai won miliyan 1, kuma maganar kan taso lokacin sabunta biza. Na biyu shi ne kuɗin ajiyarka. Dokar kare masu hayar gida tana rufe baƙi ma, amma sai ka tare a ɗakin kuma ka yi wannan rajistar. Idan babu ita, aka sayar da ɗakin ko banki ya yi gwanjonsa, sabon mai shi zai iya cewa ka fita, miliyan gomanka kuma ka bi tsohon mai gida ka nema.

Ga yadda ake yi. Kafin ka sa hannu, a ciro maka takardar rajistar mallaka ta wannan ɗakin, lambarsa da hawansa. Kowa na iya duba ta a intanet a kan won 700. Sashen mallaka zai nuna sunan mai ɗakin, ka gwada shi da katin shaidar wanda ke zaune gabanka, kuma asusun bankin da za ka tura kuɗi ya zama da wannan sunan, ba na dillali ko ɗan'uwansa ba. Sashe na gaba zai nuna ko an jinginar da ɗakin a banki da nawa. Idan bashin da kuɗin ajiyarka sun tasam ma darajar ɗakin, ka nemi wani. Idan kuma ka ga kalmar 신탁, to an damƙa ɗakin ga kamfanin riƙon amana, kuma yarjejeniyar da aka yi ba da rubutacciyar amincewar kamfanin ba tana iya zama takarda kawai. Wannan ya yawaita a sababbin ofistel.

Ranar tarewa ka sake ciro takardar da safe kafin ka tura cikon kuɗi. Daga nan ka wuce ofishin unguwa da fasfo, katin zama da asalin yarjejeniyar, ka yi rajistar adireshi, ka kuma nemi hatimin kwanan wata a kan yarjejeniyar, wanda ake kira hwakjong ilja. Won 600 ne kacal, amma shi ke ba ka layi a gaban masu bin bashin da suka zo bayanka. Kariyar tana fara aiki ne da ƙarfe 12 na daren ranar, don haka ka sa a rubuta sharaɗi cewa mai gida ba zai ci sabon bashi da ɗakin ba har washegarin tarewarka. Dillalai sun saba da wannan sharaɗin. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kansa, ka ɗauki hakan a matsayin amsa.

Sanyi ya shigo, tagata tana zubar da ruwa, bayan gado ya yi baƙi da fumfuna, ga kuɗin gas ya yi tsalle. Me nake yi ba daidai ba? Daga wata ɗaliba a Daejeon.

'Yar'uwa, ruwan ba daga waje yake shigowa ba. Numfashinki ne da tururin girki da wankin da kike shanyawa a ɗaki, suna taɓa gilashi mai sanyi su koma raɓa. Yawancin ofistel ba su da baranda ta waje, tagar kuma ƙarama ce ta gefe ɗaya, iska ba ta ratsawa. Ki buɗe taga minti 10 sau biyu ko uku a rana, ko da sanyi na cizo, ki kunna fankar kicin da ta banɗaki a lokaci ɗaya don su jawo iska. Ki ja gado da akwatuna su bar bangon waje da kamar santimita 10. Kowace safiya ki goge taga da tsumma. Manyan kaya irin bargo ki kai shagon wanki na unguwa mai injin busarwa. Inda ya riga ya yi baƙi, ki goge da bilic da aka sirka da ruwa, taga a buɗe, kada ki haɗa shi da wani maganin wanki. Ki ɗauki hoto ki tura wa mai gida yanzu, don kada ranar tashi a ce laifinki ne a cire kuɗin sabuwar takardar bango. Da damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, matsalar za ta dawo, kuma na'urar tsotse laima ce maganinta.

Batun gas kuwa, ɗumin ɗakin daga ƙasa yake fitowa, ruwan zafi ne ke zagayawa cikin bututu a ƙarƙashin daɓe, shi ake kira ondol. Daɓen yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Wanda ke kashe tukunyar ɗumamawa da safe ya ƙure ta da dare, gas yake ƙonawa wajen ɗumama siminti daga farko. Ki bar shi a digiri 20 zuwa 22, in za ki fita na 'yan awowi ki rage biyu ko uku. In tafiya ce ta kwanaki, ki danna maɓallin da aka rubuta 외출, wato na fita waje, kada ki cire filogi. Idan hasashen yanayi ya nuna digiri 10 ƙasa da sifili, ki bar famfon ɓangaren ruwan zafi yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Bututun da ya daskare ya fashe saboda sakacin ɗan haya, ana iya ɗora masa kuɗin gyara, har da ɓarnar da ruwan ya yi wa na ƙasa.

Masu neman ɗaki mai ɗan bene a ciki su sani, saman yawanci ba shi da ondol, ba a iya miƙewa tsaye a cikinsa, dogon rufin kuma yana shanye ɗumi.

Na zo da tukwanena daga gida amma murhun ya ƙi kama su. Sannan mai gadi ya yi mini magana a kan turaren wuta. Daga wata matar aure a Incheon.

Hajiya, murhun naki na maganaɗisu ne, ba ya aiki da tukunyar dalma ko ta ƙasa. Ki manna maganaɗisun jikin firji a gindin tukunya, in ya kama za ta yi aiki. Don tuƙin tuwo ki nemi mai kaurin gindi, ki rage wuta zuwa tsakiya, domin irin wannan murhun yana ƙona ƙasan tukunya da sauri. Kayan wuta na Najeriya masu filogi mai ƙafa uku suna buƙatar adafta, soket ɗin Koriya mai rami biyu ne zagayayyu, wutar kuma bolt 220.

Turaren garwashi ki haƙura da shi gaba ɗaya. Na'urar gano gobara da ke rufin ɗakinki haɗe take da ta ginin duka, in ta yi ƙara kowa zai ji, ga kuma haɗarin iskar garwashi a ɗakin da ke rufe ruf. Kaskon turare na lantarki ya wadatar, ɗan kaɗan, taga a buɗe. Man ja kada ki bari ya yi hayaƙi. In za ki sa daddawa ko ki soya kifi, ki kunna fankar murhu kafin ki fara, ki bar ta minti 10 bayan kin gama, kuma kada ki buɗe ƙofar baranda don ƙauri ya fita, maƙwabta zai shiga wa. Daka a turmi da kunna injin wanki bayan ƙarfe 10 na dare su ma suna jawo ƙorafi. In ke ce aka dama da hayaniya, ofishin ginin za ki kira, ba a zuwa buga ƙofar mutum.

Tunda kin tambayi alƙibla a ƙarshen wasiƙarki: daga Incheon da Seoul yamma ake fuskanta, da ɗan karkata arewa, wajen digiri 286. Naman halal kuma ya fi samuwa a shagunan da ke kewaye da Babban Masallacin Seoul a Itaewon, wanda aka buɗe a 1976.

An manna hotona a lif saboda shara. Daga wani ɗalibi a Busan.

Tun 1995 ake zubar da shara a Koriya cikin leda ta musamman da ake saya, kuma kowace gunduma da tata, sai ka saya a shagon unguwarku. Ragowar abinci daban ake zubarwa, a wata leda ko a kwandon da ke auna nauyi da kati. Ƙashi, ɓawon ƙwai da ƙwallon mangwaro ba sa cikin ragowar abinci, sharar gama-gari ce. Roba da gwangwani a ɗauraye, kwali a cire masa salatif a ninke. Katifa ko kujera sai an biya kuɗi an manna mata sitika. Ka je wurin mai gadi da gaisuwa ka roƙe shi ya nuna maka tsarin gininku, don wasu gine-ginen da kamfanin kwasar shara suke aiki kuma ƙa'idarsu daban ce.

Zan koma gida bayan wata huɗu. Yaya zan tabbatar an maido mini kuɗin ajiyata? Daga wani mai bincike a Seoul.

Malam, ka fara yau. Ka rubuta wa mai gida saƙon waya cewa ba za ka sabunta ba, ka ajiye amsarsa. Dole sanarwar ta isa gare shi aƙalla wata 2 kafin ƙarshen wa'adi. In ka yi shiru, doka za ta ɗauka an sabunta, kuma ko ka ce za ka fita daga baya, sai bayan wata 3 maganar za ta fara aiki. In kuwa wa'adin bai cika ba kake son tashi, al'adar ita ce ka biya la'adar dillali kuma ka ci gaba da biyan haya har a sami wani.

Ranar tashi ofishin ginin zai karanta mita ya yi maka lissafin ƙarshe, gas kuma ka kira kamfaninsu kwana biyu ko uku kafin nan. Ka duba takardun gwallibi, idan akwai layin kuɗin ajiyar manyan gyare-gyare, wannan nauyin mai gida ne, ka karɓi jimillarsa daga ofis ya maido maka. Ka fito da hotunan da ka ɗauka ranar tarewa a gwada. Lambar makullin ƙofa kuma ba a bayar da ita sai kuɗi ya shigo asusunka.

Idan ya ce sai ya sami sabon ɗan haya, doka ba ta san da wannan uzurin ba. Kada ka kwashe kaya ko ka canja adireshi haka nan, kariyarka za ta faɗi. Ka nemi kotun yankin ta ba da umarnin rubuta hayarka a takardar mallaka, ka jira har ka ga ta fito a rubuce, sannan ka tashi. Ka bar asusun bankinka na Koriya a buɗe, ka kuma bar wa wani amintacce takardar wakilci kafin ka hau jirgi. Mazauna Seoul na iya kiran 120 don a haɗa su da masu ba da shawara kan haya, batun biza da katin zama kuma 1345, duka biyun suna amsawa da Turanci.