Daren da na rasa jirgina a mashigar Legas

Ɗana, ka tambaye ni amfanin tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwan nan ta Tarkwa Bay da ke bakin tekun Legas tunda yanzu kowace waya tana nuna hanya, kuma wallahi ka fama mini tsohon miki.

Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, matuƙi kuwa yana ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin walƙiya da walƙiya, ya gane gaɓar da ya dosa. Mutanen Iskandariya a Masar sun gina tasu wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya haura mita 100, ana hura wuta a samanta, har girgizar ƙasa ta rushe ta. A 1823 aka fara amfani da gilashin wani Bafaranshe, Fresnel, wanda yake tattara haske ya cilla shi can cikin teku. Zancen jan alama a hagu da kore a dama in za ka shigo tasha, ba zan ɓata bakina a kai ba.

Shekara 11 na yi ina tara kuɗin jirgina mai inji biyu. Wani dare da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na damƙa shi ga wani yaro da na taho da shi tun daga Yawuri, wanda na sha gaya masa ya ɗaga kai ya ƙirga fitila, shi kuwa kullum idonsa na kan waya. Ruwa ya sauko, wayar ta jiƙe ta mutu. Da ya ɗago sai ya ga fitilun manyan jiragen da ke jiran shiga tashar Apapa birjik, ya kasa tantance wadda ke ƙiftawa, igiyar ruwa kuma ta maka jirgin a duwatsun da Turawa suka jera a mashigar. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da asuba na tsaya a kan duwatsun nan jikina na rawa, ina kallon jarkokin maina suna yawo a kan ruwa. Mai kayan da jirgin ya ɗauko bai ɗaga mini ko sisi ba, shekara 4 ina biyansa, yaron kuwa ko haƙuri bai zo ya ba ni ba.

Ku yaran yanzu ba ku da haƙurin kallon abu ɗaya na minti biyar. Gobe bayan sallar isha ka same ni a bakin ruwa, ka bar wayarka a ɗaki.