Dalilin da ya hana ni sa wa kilin nan takalmi

Jiya bayan mai kilin nan ya tafi ka tambaye ni: "Baba, ga ƙarfe a wuta, ga mutum ya zo da kuɗinsa, don me ka yanke kofato kawai ka sallame shi ba takalmi?" Lokacin hannuna na kan aiki. Yanzu zauna ka ji, ɗana.

Dokin nan a rairayi yake kwana, a rairayi yake wuni. Fitarsa ba ta wuce hawan salla da rakiyar ango ba. Me zai yi da ƙarfe a ƙafa? Kofato tsiro yake kamar farce, kusan santimita 1 a wata, kuma kafin ya sabunta tun daga bakin gashi har ƙasa sai ya ci wata 9 zuwa 12. Ana sa takalmi ne idan ƙasa na cin kofato fiye da yadda yake tsirowa. Dokin da ke hawa da sauka a duwatsun Adar, wajen Keita ko Buza, ko wanda ake yawan bi da shi bisa kwalta a nan cikin Tawa, shi ne za ka ga kofatonsa ya cinye, in ya taka tsakuwa sai ya zabura kamar ya taka garwashi. Wannan kam a sa masa. Kilin jiya tsawon kofato ne ya yi masa yawa, gaba ya miƙe, nauyi ya koma dunduniya, shi ya sa yake tuntuɓe.

Ka lura ban taɓa wuƙa ba sai da na sa aka ja shi ya tafi ya dawo. Kan dokin nake kallo. In ciwon a ƙafar gaba yake, duk sanda ta dira ƙasa doki kan ɗaga kai sama. Yawancin ɗingishi ma a gaba yake, don ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa.

In ka ɗaga ƙafa ka kankare ƙasa da kashi, za ka ga wani abu mai laushi a tsakiya, kamar bakin mashi. Wannan ne matashin doki, shi ke shanye dukan ƙasa, yana kuma taimakon jini ya zagaya. Ka cire ruɓaɓɓen gefe kaɗai, kada ka sassaƙe shi don ya yi kyaun gani. Tafin ma kada ka fiƙe shi har ya yi laushi a ƙarƙashin babban yatsanka. Ka daidaita gefe da gefe da magagari, ka ajiye ƙafar, ka koma gefe ka duba: gaban kofato ya bi layi ɗaya da gaɓar da ke samansa. Duk mako 6 zuwa 8 a sake, ko da takalmi ne a cire a yanke a mayar.

Ranar da za ka sa takalmi kuwa, ƙarfe ake lanƙwasawa ya bi ƙafa. Na ga masu buga takalmin da ya yi ƙanƙanta, sannan su goge kofaton da ya yi saura. Wallahi abin nan na ɓata mini rai, don katangar da ke ɗauke da doki suke rushewa. Ka koma uwar maƙera sau biyar in ta kama.

Sai ƙusa. Akwai farin layi siriri da ya zagaye tafi, tsakaninsa da bangon kofato. Nan ƙusa ke shiga, ta fito ta waje a bango a lanƙwashe bakinta. Ƙusar doki daban take, bakinta a goce yake don ya karkatar da ita waje, kada ka kuskura ka sa ta kafinta. Uku a kowane gefe sun isa, kuma kada ka wuce inda kofato ya fi faɗi, domin dunduniya buɗewa take duk sanda ya taka. Ina saurayi na taɓa shigar da ƙusa ɗaya ciki kaɗan a ƙafar wata goɗiya. Ta ɗan fizge, ban kula ba. Kwana uku ta kasa taka ƙasa, kofato zafi rau, da na zare ƙusar baƙin ruwa ya biyo. Har yau in doki ya fizga, nakan zare in duba. Irin wannan huda kuma sai an kira likitan dabbobi, saboda ciwon nan da ke sandarar da jiki.

Abu biyu ka riƙa gaya wa masu dawaki. Turke ya bushe, musamman da damina, don fitsari da laka su ke ruɓar da tsakiyar kofato har ka ji wari kafin ka ɗaga. Sannan kada a cika masa gero alhali ba ya aiki. In ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofato da zafi, jijiya na bugawa a bayan gaɓa, to hatsi ya sauka a ƙafa. A janye hatsin, a tsayar da shi cikin ruwan sanyi, a nemo likita, ba aikin guduma ba ne.

Gobe da safe za a kawo akawal daga wajen Keita. Kai za ka ɗaga ƙafar, ka nuna mini farin layin da yatsanka kafin in ba ka ƙusa.