Amsa ga Anti kan damƙe hannun da Baba ke yi

Assalamu alaikum jama'a. Anti na saurari muryar da kika turo, kina cewa Baba in ya damƙe miki hannu lokacin wanka baya saki, kuma yana cije cokali in ana bashi abinci, har kin fara tunanin ko haushinki yake ji. Wallahi ba haka bane, cutar mantuwar da ke damunshi ce ke kawo hakan, don Allah ki cire wannan a ranki.

Kin san jariri sabon haihuwa, in kika sa mishi yatsa a tafin hannu sai ya damƙe gam, in kika shafi gefen bakinshi sai ya juyo yana neman nono? To ba wanda ya koya mishi, da shi aka haife shi. Wajen wata 4 zuwa 6 sai kiga ya daina, amma fa abin bai tafi ko'ina ba, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ne ya yi ƙarfi ya danne shi. To ita cutar mantuwa, irin su Alzheimer ko wadda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, in ta yi nisa ta ci wannan wajen sai abin da aka danne shekara 70 ko 80 ya dawo. Hannun ne kawai ke rufewa da kanshi, shi Baba bai ma yi niyya ba.

Shi yasa zakiga likita yana ɗan ƙwanƙwasa tsakanin gira yaga ko ƙifta idon zai tsaya, ko ya karci tafin hannu yana kallon haɓa ko zata motsa. Amma kar wani a nan yaje ya gwada a gida ya tada hankalin mutane, guda ɗaya daga cikin waɗannan alamomin kan fito ko ga tsoho mai lafiyarshi lau, sai sun taru tare da mantuwar ake duba su.

Yanzu in ya riƙe ki kar ki fizge, ja yana ƙara mishi ƙarfin riƙon ne. Ki tsaya, ki shafa bayan hannun a hankali kina mishi magana, ko ki sa mishi naɗaɗɗen ƙaramin tawul ya riƙe kafin ki fara wankan, a dinga yanke mishi farce kuma don kar ya ji ciwo a tafin hannu. Cokali in ya cije ki jira ya saki da kanshi. A zaunar da shi sosai kafin a bashi abinci, in kuma yana yawan ƙwarewa ko tari yana ci, wannan kam kar a jira ranar komawa asibiti, a kai shi likita ya duba haɗiyar.